Wa ya ce ƙarfen tashar nukiliya zai kai shekara 60? Fashin baƙi kan kwaikwayon kwamfuta

Ta yaya za a ce tukunyar ƙarfe, wadda makamashin tashar nukiliya ke zaune a cikinta, za ta yi shekara 60 tana shan luguden nukiliya ba ta tsage ba, alhali ba wanda ya zauna ya jira shekarun ya gani? Wannan tambaya ce ke ƙarƙashin yawancin gardamar da ake tafkawa a unguwannin Nima da Mamobi da Madina na Accra tun da maganar gina tashar lantarki ta nukiliya a Ghana ta sake tasowa. An bayyana Nsuban da ke Yankin Yamma a matsayin wurin da aka fi so, Obotan a Yankin Tsakiya kuma madadi. A watan Agustan 2024 kamfanin Nuclear Power Ghana ya rattaba hannu kan yarjejeniya da kamfanin Regnum na Amurka game da ƙananan injinan NuScale. Duk mai tallan irin wannan kaya, Ba'amurke ne ko ɗan Sin ko ɗan Rasha, shekara 60 yake ambata. In an matsa da tambaya a majalisar shayi, sai wani ya ce ai an gwada a kwamfuta.

Wanda dumsor, wato yawan ɗauke wuta a Ghana, ta gasa wa aya a hannu tsakanin 2012 da 2016 yakan karɓi wannan amsa da hannu biyu, domin shi dai a kawo wuta. Wani kuma yakan yi tsaki ya ce zane ne kawai. Mai tsakin ya raina aikin da ya gyara wa manyan masana lissafinsu. Amma kuskuren wanda ya gaskata ya fi tsada, domin babu hukumar kirki a duniya da ke ba da lasisin tukunyar nukiliya bisa hoton kwamfuta kaɗai, kuma masu yin kwaikwayon su ne kan gaba wajen faɗin haka.

Wace irin ɓarna ake magana a kai?

In aka ce nukiliya ta taɓa ƙarfe, ana iya nufin ƙura ko ruwa mai guba ya zauna a jikinsa. Wannan datti ne, ana wanke shi. Ana iya nufin wasu ƙwayoyin zarra na ƙarfen sun haɗiye niyutiron, ɗan ƙanƙanin abin da ke fitowa daga tsakiyar zarra, sun rikiɗe, har sun fara fitar da tururin nukiliya da kansu: ɗan kobal ɗin da ke cikin ƙarfe shi ke komawa kobal-60, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk bayan shekara 5 da 'yan watanni. Masu sayen tsohon ƙarfe su ne ya kamata su fi kowa sanin irin waɗannan sinadarai. A garin Goiânia na Brazil, a 1987, an fasa wata tsohuwar na'urar asibiti da aka yasar, aka sayar wa dillalin tsohon ƙarfe, garin siziyom-137 da ke ciki ya kashe mutum 4. Wannan haɗari ne na gaske ga ’yan'uwanmu da suka yi sana'a a kasuwar tsohon ƙarfe ta Agbogbloshie a Accra da waɗanda ke yi yanzu a wasu wuraren, amma ba shi ne batun yau ba.

Batun yau shi ne ƙarfen ya canza hali. Launinsa bai sauya ba, bai yi tsatsa ba, bai rame ba, amma ya ƙara tauri kuma ya yi gautsi. Ƙarfen da a da zai lanƙwashe ya ba ka gargaɗi, yanzu sai dai ya tsage farat ɗaya.

Abin da niyutiron ke yi a cikin ƙarfe

Ƙarfe a ido dunƙule ne, amma a ciki ƙwayoyin zarra ne a jere, kowace da mazauninta. Tsakanin zarra da maƙwabciyarta kusan rubu'in nanomita ne, nanomita kuwa mita ce aka raba gida biliyan 1. Ɗauki sahun sallar Idi a Dandalin ’Yanci, kafaɗa da kafaɗa. In aka ture mutum ɗaya daga wurinsa, inda ya bari ya zama gurbi, inda ya je ya cusa kansa kuma ya matse jama'a, sahu ya karkace. Haka abin yake a ƙarfe: kowace zarra da aka tumɓuke tana barin gurbi, ita kuma ta zama ’yar kutse a wani wurin. Masana na kiran wannan tagwaye da sunan Yakov Frenkel, masanin Tarayyar Sobiyet da ya bayyana su a 1926.

Mai turewar shi ne niyutiron, wanda ke fitowa duk lokacin da zarrar yuraniyom ta tsage. Ba shi da cajin lantarki, don haka yakan ratsa santimitoci a cikin ƙarfe ba abin da ya tare shi, sai ya yi karo da tsakiyar wata zarra. Ana auna ƙarfin irin waɗannan ƙananan abubuwa da ilektron-bolt, a taƙaice eV. Kusan eV 40 ya isa a fitar da zarrar baƙin ƙarfe daga mazauninta. Niyutiron mai eV miliyan 1, wanda ke gudun kusan kilomita 14,000 a daƙiƙa, yana iya miƙa wa zarrar da ya buga har kusan kashi 7 cikin 100 na ƙarfinsa, wato wajen eV 70,000. Ita wannan zarra tana da nauyi kuma tana da caji, ba za ta iya sulalewa yadda niyutiron ya yi ba. Sai ta afka wa maƙwabta, su ma su afka wa nasu. Wannan shi ne turmutsutsun da duk binciken ya ta'allaƙa a kai.

Turmutsutsun da ba na'urar da ta taɓa ɗauka

Duk abin yana farawa ya ƙare a cikin kusan fikosakan 10. Fikosakan ɗaya daƙiƙa ce aka raba gida tiriliyan 1. Babu madubin bincike da zai iya leƙa tsakiyar ƙarfe ya ɗauki abu mai wannan sauri a wuri mai wannan ƙanƙanta. Masu gwaji na ganin abin da ya rage bayan ƙura ta lafa, faɗan kansa kuwa a kwamfuta kaɗai ake kallonsa.

Ga yadda yake a allo. Mai binciken yakan ɓoye duk zarrar da ke zaune a mazauninta, ya bar waɗanda suka kauce kawai, don haka da farko allon wayam yake. Sai ɗigo ɗaya ya bayyana ya ja layi. Layin ya yi rassa, rassan su yi rassa, kafin fikosakan 1 ya cika wuri ya turnuƙe da dubban ɗigo a dunƙule. A wannan ɗan lungu mai faɗin ’yan nanomitoci zafi ya haura inda baƙin ƙarfe ke narkewa, wato digiri 1,538, jeri ya watse, ƙarfe ya zama ruwa-ruwa, alhali sauran tukunyar tana zaune a kusan digiri 290. Daga nan zafin ya tsiyaye zuwa kewaye, jeri ya fara komawa daga gefe zuwa tsakiya, ɗigon su riƙa ɓacewa. Yawancin zarrar sun sami wurin zama, ko da ba nasu na asali ba ne. Abin da ya rage a allon ’yan gommai ne: gurabe sun taru a tsakiya, ’yan kutse sun warwatsu a gefe, wasu sun haɗu sun yi gungu.

Wannan warkewa da ƙarfe ke yi wa kansa ita ce ta sa ake iya gina tashar tun farko. Akwai ma'aunin da ake kira dpa, wanda ke ƙidaya sau nawa aka tumɓuke kowace zarra a matsakaici. Bangon tukunya yakan tsaya a wajen dpa 0.1 ko ƙasa a duk rayuwarsa, amma ƙarafan da ke ciki dab da makamashin suna kaiwa gommai. Ma'ana, an tashi kowace zarra da ke cikinsu sau gommai, kuma har yanzu ƙarfe ne a tsaye.

Yadda ake kwaikwayon

Ba wani sihiri a ciki, dokokin motsi na Newton ne da ake koyarwa a sakandare. A jera zarra a akwatin lissafi, a ba kowace wuri da gudu. A sa ƙa'idar da ke faɗin yadda kowace zarra ke ja ko ture maƙwabtanta gwargwadon tazara. A zaɓi guda ɗaya a ba ta bugu. Kwamfuta ta lissafa ƙarfin da ke kan kowace zarra, ta matsar da su duka na tsawon femtosakan 1, wato fikosakan a raba gida 1,000, ta sake lissafi, ta sake matsarwa. Lokacin da karo ya yi tsanani har sai an ƙara gajarta takun. Turmutsutsu ɗaya na cin taku fiye da 10,000, kuma tunda kowanne da kamanninsa, sai an maimaita sau gommai ko ɗaruruwa, ana sauya inda bugun ya nufa, kafin a yarda da matsakaicin.

Tunanin ya girmi kwamfutar kanta. Tun 1942 Eugene Wigner ya yi gargaɗin cewa niyutiron zai tumɓuke zarra a kayan da aka gina murhun nukiliya da su. A watan Oktoban 1957 aka ga abin a aikace a Windscale da ke Ingila: ana cikin ɗumama girafait ɗin murhun, wani irin kabon, don ya saki ƙarfin da ɓarnar ta tara a jikinsa, gobara ta tashi. A 1960 George Vineyard da abokan aikinsa Gibson da Goland da Milgram, a cibiyar bincike ta Brookhaven a Amurka, suka kwaikwayi zarrar jan ƙarfe kusan 500 a kwamfutar IBM 704. Ko da wannan ɗan adadi sun ga abu sabo: bugu na bin layi, kowace zarra ta ture ta gabanta ta gaje wurinta, har ’yar kutsen ta ɓulla can nesa da gurbin. Shekara 4 bayan haka Aneesur Rahman, haifaffen Haidarabad ta Indiya, ya kwaikwayi zarra 864 ta ruwan argon a cibiyar Argonne, aikin da ya sa ake lissafa shi cikin iyayen wannan fanni. Yau miliyoyin zarra ba abin mamaki ba ne, kuma manhajar da aka fi amfani da ita, LAMMPS, wadda cibiyar Sandia ta Amurka ta samar, kyauta ake sauke ta daga intanet.

Inda kwamfuta ta gyara wa masana zama

Kafin a iya kallon turmutsutsun, lissafin takarda ake yi. Kinchin da Pease suka kawo nasu a 1955, Norgett da Robinson da Torrens suka gyara shi a 1975, kuma da nasu ake ƙidaya dpa har gobe. Bisa wannan lissafi, bugu mai eV 10,000 a baƙin ƙarfe zai bar tagwayen gurbi da kutse 100. Kwaikwayo ya nuna kusan 30 ne ke tsira, sauran sun warke a lokacin da lungun nan ke hucewa. Abin da ya ba sakamakon nauyi shi ne ya dace da awon gaske: tun ƙarshen shekarun 1970 masu auna yadda ƙarfen da aka yi wa lugude ke wuce da lantarki a tsananin sanyi sun ga ɓarnar ba ta wuce kusan sulusin abin da lissafi ya faɗa ba. Awo ya ba da adadi, kwamfuta ta nuna dalili. A 2018 Kai Nordlund na Jami'ar Helsinki da wata tawaga suka buga sabon ma'auni da ya yi la'akari da wannan, suka kuma nuna cewa zarrar da ke musayar mazauni sun ninka abin da tsohon lissafi ke faɗa kusan sau 30.

Akwai kuma kumburi. A 1967, a Dounreay da ke Sikotlan, Cawthorne da Fulton suka tarar da ƙananan ramuka a cikin ƙarfen da ba ya tsatsa wanda ya daɗe a murhu. Gurabe ne suka taru suka zama kogo, ƙarfe ya ƙara girma. Ba wanda ya hango haka kafin a gani. Kwaikwayon shekarun 1990 ne ya taimaka wajen cike bayanin, da ya nuna gungun ’yan kutse na haɗuwa tun a cikin turmutsutsun, su zame a miƙe su yi nisa, su bar gurabe a baya ba mai cike su.

Inda gizo ke saƙa

Akwatin da ya ɗauki zarrar baƙin ƙarfe miliyan 1 faɗinsa kusan nanomita 23 ne, kimanin kashi ɗaya cikin 3,000 na kaurin gashin kai. Bangon tukunyar babbar tasha kuwa ya kai santimita 20 ko fiye. Matsalar lokaci ta fi wannan muni. A ce ka sami kwamfutar da ke yin taku miliyan 1 a kowace daƙiƙa, abin da ya fi ƙarfin yawancin injinan da ake aiki da su. Kafin ta kwaikwayi shekara 60 a takun femtosakan, sai ta yi shekara biliyan 60 tana aiki. Don haka duk wanda ya ce maka an kunna tukunya a kwamfuta an bar ta ta tsufa zarra bayan zarra, bai san abin da yake faɗa ba.

Abin da ake yi shi ne miƙa sakamako daga hanya zuwa hanya. Lissafin kwantom, mai bin halin ilektron ɗin da ke cikin zarra, wanda ya fi kowanne gaskiya amma ba ya ɗaukar fiye da ɗaruruwan zarra ko dubu da wani abu, shi ke faɗin ƙarfin da gurbi ke buƙata kafin ya yi tsalle. Kwaikwayon motsi ya ba da abin da turmutsutsu ke bari. Wata hanya mai aiki da ƙuri'a, da ake kira Monte Carlo, ta ɗauki gurabe da ’yan kutse kawai ta bi yawonsu na sa'o'i da shekaru. Wata ta lissafa taurin da hakan zai haifar, kafin a iso ga injiniyan da ke lissafin tsagewar bango. A kowace miƙawa ana yar da wani bayani, kuma kuskuren ƙasa yana hawa sama da kayansa.

Sai ƙa'idar ja da turewa, wadda a ganina nan ne ya kamata mai shakka ya kafa ƙafarsa. Mutum ne ke tsara ta. Wadda Daw da Baskes suka kawo a 1984 ta buɗe ƙofar kwaikwayon ƙarafa da kyau, amma baƙin ƙarfe na da halin maganaɗisu, abin da ke rikita lissafi. A farkon shekarun 2000 lissafin kwantom ya nuna wasu tsofaffin ƙa'idojin ba su ba da hoto daidai ba game da yadda ’yan kutse ke zama da yadda suke tafiya a cikinsa. Ƙa'idoji biyu na iya yarda a kan yawan ɓarna su saɓa a kan girman gungu, gungun kuwa shi ne abin damuwa. Kwamfuta ba za ta yi maka gardama ba. Ka ba ta gurguwar ƙa'ida, za ta fito maka da bidiyo mai kyan gani daidai da wanda za ta fitar da ƙa'ida mai inganci. Tun daga 2007 zuwa 2010 aka fara koya wa kwamfuta ƙa'idar kai tsaye daga dubban sakamakon kwantom, kuma an samu ci gaba sosai, sai dai ita ma abin da aka nuna mata ta sani.

Kuma ƙarfen tukunya ba baƙin ƙarfe zalla ba ne. Akwai kabon da manganis da nikel da silikon da fosforos, akwai tabon maƙera, akwai walda.

Jan ƙarfe a bakin walda

Wani tsohon mai walda da ke aiki kusa da babbar kwatar Nima ya taɓa jin ɗan tsohon yaronsa, wanda ke karatu a Jami'ar Ghana da ke Legon, yana bayanin nan. Yaron ya ce, "Masta, niyutiron ƙara wa ƙarfe tauri yake yi." Tsohon bai ɗago daga aikinsa ba ya ce, "To ai ya kashe shi ke nan, ɗana. Wanda ya faye tauri shi ke karyewa." Ya ɗauki guntun waya ya lanƙwasa ta gaba da baya, wurin ya ƙage, ya ƙi lanƙwasuwa, a na gaba ta ɓalle.

Ilimin ɗaya ne. Ƙarfe na lanƙwasuwa ne saboda jerin zarra na zamewa a kan juna ta wasu layuka. Duk abin da ya tokare layukan nan ya ƙara tauri, amma ya hana ƙarfen sassautawa a bakin tsaga, sai tsagar ta ruga. Gungun da turmutsutsu ke bari na tokare su. Abin da ya fi tokare su a tsofaffin tukwane kuwa jan ƙarfe ne. A shekarun 1960 ana lulluɓe wayar walda da jan ƙarfe don kada ta yi tsatsa, ya narke ya shiga ɗinkin, a wasu wuraren har wajen kashi 0.3 cikin 100. A digiri 290 zai zauna shiru. Amma gurabe su ne hanyar da zarra ke bi ta yi tafiya a cikin ƙarfe, niyutiron kuma ya yawaita su, sai jan ƙarfen ya tattaru ya yi ƙulli-ƙulli masu faɗin nanomita 1 zuwa 3, birjik. Yau ana riƙe shi ƙasa da kashi 0.1.

Ba kwamfuta ce ta gano wannan ba, guduma ce. A cikin kusan kowace tukunya ana rataye ƙunshin gutsattsarin ƙarfe da aka yanko daga ainihin ƙarfenta da waldarta, a wurin da za su sha niyutiron fiye da bangon, don su riga shi tsufa. Bayan ’yan shekaru a ciro ƙunshi ɗaya. Kowane guntu tsawonsa milimita 55, kaurinsa 10 da 10, an yi masa tsaga mai zurfin milimita 2 a tsakiya. A kwantar da shi, a saki guduma mai lilo ta daki bayan tsagar, a duba iya inda gudumar ta hau bayan ta karya shi. In ta hau sama sosai, guntun bai ci ƙarfinta ba, ya yi gautsi, kuma fuskar karayar za ta fito tana ƙyalli. In ta hau kaɗan, ya yi dauriya, karayar ta fito a yage. Wannan shi ne gwajin Charpy, sunan Bafaranshen da ya yaɗa shi a 1901. Ana maimaita shi a zafi daban-daban a gano inda ƙarfen ke sauyawa daga dauriya zuwa gautsi. Luguden niyutiron na ɗaga wannan iyaka, a waldar da jan ƙarfe ya yi yawa har fiye da digiri 100. Abin tsoron shi ne ranar gaggawa, lokacin da za a kwarara ruwan sanyi a tukunya mai zafi da ke ƙarƙashin matsi.

Tashar Yankee Rowe ta Amurka an rufe ta a 1992 da sauran shekaru a lasisinta, kuma shakku kan gautsin tukunyarta na cikin manyan dalilai. Rashawa sun bi wata hanya, su gasa tukunyar a kusan digiri 475 na wajen mako guda har ɓarnar ta warware. An yi wa tashar Loviisa ta Finlan haka a 1996. A Beljiyam kuma, a 2012, na'urar sauti ta gano dubban tabo a tukwanen Doel 3 da Tihange 2, waɗanda suka samo asali tun wurin ƙira. A 2014 aka sake kashe injinan biyu domin wani samfuri da aka yi wa lugude ya yi gautsi fiye da yadda aka yi hasashe, ba a kunna su ba sai ƙarshen 2015.

To me ya sa ake ta zuba kuɗi a kwaikwayon?

Saboda gutsattsarin na ƙarewa, kuma buri ya wuce inda awo ya tsaya. Amurka ta fara ba da lasisin shekara 80 a 2019. Koeberg ta Afirka ta Kudu, wadda ta fara aiki a 1984, an ƙara wa injinta na farko shekara 20 zuwa 2044. Ƙa'idar da hukumar sa ido kan nukiliya ta Amurka ta fitar a 1988 don hasashen gautsi an gina ta ne a kan sakamakon guduma, da yawan jan ƙarfe da nikel da adadin niyutiron. Irin wannan ƙa'ida na aiki a cikin iyakar abin da aka auna. In za a wuce iyakar, dole a fahimci dalili, kuma nan masu kwaikwayo ke da bakin magana. Robert Odette na Jami'ar Kalifoniya ya yi hasashe tun shekarun 1990 cewa ko babu jan ƙarfe, nikel da manganis da silikon na iya tattaruwa a makare bayan doguwar rayuwa. Daga baya an ga ƙullin da na'urar da ke tsince zarra ɗaya-ɗaya, ko da yake masana na ci gaba da jayayya kan ainihin abin da ke haɗa su. Masu neman lantarki ta hanyar haɗe zarra, irin aikin ITER a kudancin Faransa, su ma sun dogara da kwaikwayo ƙwarai, domin niyutiron ɗinsu na da eV miliyan 14, kuma babu wurin gwaji da ke samar da shi da yawan da zai tsufar da ƙarfe yadda ake buƙata.

Abin da ya shafe mu a nan

Ghana ba baƙuwa ba ce a fannin. An kafa Hukumar Makamashin Nukiliya a 1963, Nkrumah ya aza harsashin aikin murhun nukiliya na Kwabenya, kusa da Accra, a watan Nuwamban 1964, juyin mulkin 1966 ya tsayar da shi. Ƙaramin murhun bincike ƙirar Sin da ke can tun tsakiyar shekarun 1990 kusan kilowat 30 ne, kuma a 2017 aka sauya masa makamashi zuwa yuraniyom maras ƙarfi. An yi shi ne don nazarin sinadarai da koyarwa, niyutiron ɗinsa bai kai ya tsufar da ƙarfen tukunya ba. Na'urar kwaikwayon NuScale da aka buɗe a makarantar nukiliya ta Kwabenya a farkon 2025 kuma ɗakin sarrafa tasha take kwaikwaya don horar da ma'aikata. Ba ta cewa komai game da zarrar ƙarfe, kada a haɗa su.

Ga mai biyan kuɗin wuta, maganar ta aljihu ce. Yawancin kuɗin tashar nukiliya a gini ake kashe shi, da bashin da za a yi shekaru ana biya. Ana iya sauya famfo da bututu, har da manyan injinan tururi, amma tukunya ita ce rayuwar tashar. In an yi lissafin shekara 60 ta gaza a 40, gibin zai fito a takardar kuɗin wuta ko a haraji, mai shagon ɗinki a Sabon Zango da mai injin niƙa a Ashaiman su biya.

Ga ɗalibin kimiyya a Legon ko jami'ar KNUST ta Kumasi, wannan ne ɓangaren nukiliya mafi arha shiga. Kwamfutar cinya mai ɗan ƙarfi za ta kwaikwayi ƙaramin turmutsutsu a akwati mai zarra dubu ɗari ko biyu. Wanda ya yi haka da hannunsa, ya sauya ƙa'ida ya ga amsa ta sauya, ba za a ruɗe shi da bidiyo a ɗakin taro ba. Irin waɗannan mutane Hukumar Sa Ido Kan Nukiliya, wadda dokar 2015 ta kafa, ke buƙata a teburinta ranar da mai sayarwa zai baje takardu. Su tambayi yawan jan ƙarfe da nikel da fosforos a ƙarfen da waldar, a wace maƙera aka ƙera tukunyar kuma wa ya duba ta, wane ɓangare na shekara 60 ɗin ne ya fito daga guduma, wane ne daga lissafi. Ƙananan injina na da nasu tsarin da nasu kaurin bango, don haka a tambaya ko awon da aka tara daga manyan tashoshi ya shafe su kai tsaye.

Sai kuma su kansu gutsattsarin: ƙunshi nawa za a rataye, yaushe za a ciro kowanne, wa zai karya su. Guntun da ya sha niyutiron ba a taɓa shi da hannu, sai a ɗaki mai kaurin bango da tagar gilashi mai dalma, ana sarrafa shi da hannayen inji. Ko dai a gina irin wannan ɗaki a nan a horar da masu aiki a ciki, ko a riƙa tura samfurin ƙasar mai sayarwa ana jiran ya faɗi sakamakon kayansa da bakinsa. A yarjejeniyar saye ake rubuta wannan, kafin a zuba kankaren farko a Nsuban.